Yadda ake lissafin yiwuwa da gano adadin mutanen da za a tambaya a bincike

Tambayoyi biyu ne ɗalibin ƙididdiga zai yi ta karo da su, tun daga jarrabawar WAEC da NECO har ranar da zai zauna rubuta babi na uku, wato babin hanyar bincike, na kundinsa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ko Alƙalam, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina. Ta farko: idan abubuwa biyu ba su rataya da juna ba, mece ce yiwuwar su faru tare? Ta biyu: mutum nawa zan raba wa takardar tambayoyi kafin a yarda da sakamakona? A aji makonni ne ke raba su, shi ya sa ɗalibi ke ɗauka babu abin da ya haɗa su. Alhali kuwa ta biyun a kan ta farkon take zaune. Wanda ya haddace fomular adadin mutane bai fahimci sharaɗin da ke ƙarƙashinta ba, zai fitar da lamba mai kyau a takarda, ya je fili ya ɓata ta. Don haka da yiwuwa za mu fara. Ka ɗauko biro da takarda da kalkuleta, ka riƙa buga kowace lamba da hannunka.

Kashi na ɗaya: abubuwan da ba su rataya da juna ba

Yiwuwa lamba ce tsakanin 0 da 1. Idan abu ba zai taɓa faruwa ba, 0 ne. Idan tilas ya faru, 1 ne. Ƙwayar lido fuska shida gare ta, yiwuwar ta ba ka shida a jifa ɗaya ita ce 1/6. Yiwuwar kada ta ba ka kuwa ita ce abin da ya rage idan ka cire wannan daga 1, wato 5/6. Riƙe wannan cirewar, za ta yi mana aiki sosai.

Matakin farko ba na lissafi ba ne. Ka tambayi kanka: in na san abu na farko ya faru, shin hakan zai canza yiwuwar na biyu? In amsar a'a ce, to ba su rataya da juna ba. Jifan lido na biyu bai san abin da na farko ya bayar ba.

Mataki na biyu, in ana son wannan da wancan su faru duka, sai ka ninka yiwuwarsu (P na nufin yiwuwa, A da B su ne abubuwan biyu):

P(A da B) = P(A) × P(B)

Shida sau biyu a jere: 1/6 × 1/6 = 1/36.

Mataki na uku shi ne inda ake zubar da maki. Duk tambayar da ta ce "aƙalla ɗaya", kada ka tsaya jera hanyoyin da abin zai iya faruwa, za ka gaji kuma za ka manta wata. Ka bi ta bayan gida: nemo yiwuwar kada ko ɗaya ya faru, sannan ka cire ta daga 1.

Mu ƙaddara manomi a Batagarawa yana da irin da kowace ƙwaya ke da yiwuwar tsirowa 0.8. Yiwuwar ta ƙi tsirowa 0.2 ke nan. In ya jefa ƙwaya biyu a rami, yiwuwar duka biyun su ƙi ita ce 0.2 × 0.2 = 0.04, saboda haka yiwuwar aƙalla ɗaya ta fito 1 − 0.04 = 0.96. In uku ya jefa, 0.2 × 0.2 × 0.2 = 0.008, ramin zai yi tsiro da yiwuwar 0.992. Ka ga dalilin da ya sa manoma ba sa yarda da ƙwaya ɗaya a rami tun kafin wani ya rubuta musu fomula. Sai dai fa wannan lissafin yana tsaye ne muddin abin da ke hana ƙwaya tsirowa lalacewarta ce ita kaɗai. Ranar da aka yi shuka ruwa ya ɗauke na tsawon kwanaki, ƙwayoyin ukun dalili ɗaya ne zai kashe su, kuma 0.992 ta zama ƙarya. Ninkawa ba ta da laifi, sharaɗin ne ya karye.

Akwai misalin da nake so kowane ɗalibi ya iya shi ko da ba zai taɓa zama jarrabawa ba, domin yana shafar gidajenmu. Idan miji da mata duka jininsu AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar 1/4 a haifi mai SS, wato mai ciwon sikila, 1/2 a haifi AS, 1/4 a haifi AA. Mutane da yawa suna fahimtar wannan a matsayin "cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne zai kamu", har ka ji ana lallashin iyaye da cewa tunda na fari ya zo da ita, ukun da ke tafe sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne, na baya bai rage wa na gaba komai ba. Ga yadda ake yi: yiwuwar ɗa ɗaya ya kuɓuta 3/4 ce. 'Ya'ya huɗu su kuɓuta duka: 3/4 × 3/4 × 3/4 × 3/4 = 81/256, wato kusan 0.32. Yiwuwar a sami aƙalla ɗaya mai SS ita ce 1 − 0.32 = 0.68, kashi 68 cikin 100. Ka gwada da 'ya'ya shida da kanka, za ka sami kusan kashi 82. Allah ne mai bayarwa, amma Shi ne kuma Ya ba mu ilimin gwaji, kuma wannan lambar ita ce hujjar da ta sa ake nacewa a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, ba sai an sa rana ba.

Yanzu ga inda ninkawa kai tsaye ba ta halatta. Kiret ɗin ƙwai 30 ne, 3 daga ciki sun lalace. Ka ɗauki ɗaya ka ajiye gefe, ka sake ɗaukar wani. Yiwuwar na farko ya zama lalatacce 3/30 ce. In haka ta faru, saura 2 cikin 29. Yiwuwar duka biyun su zama lalatattu ita ce 3/30 × 2/29 = 6/870, kusan 0.007, ba 0.01 da za ka samu in ka ninka 3/30 sau biyu ba. Ɗauka ta farko ta canza ta biyu. Amma da a ce ƙwai 30,000 ne a sito, 3,000 lalatattu, cire guda ɗaya ba zai motsa lissafin ba sai ɗan abin da ido ba ya gani. Kada ka manta da wannan, zai dawo mana a kashi na biyu.

Wani lokaci tambayar jarrabawa takan ba ka lambobi uku ta ce ka tantance ko abubuwan sun rataya da juna. Ka ninka biyun farko ka kwatanta da na ukun. A ce rabin 'yan kasuwa, 0.5, suna da shago, 0.3 kuma suna karɓar kuɗi da na'urar POS. In babu alaƙa, masu shago da na'ura duka za su zama 0.15. In aka ce maka 0.25 ne, to akwai alaƙa. Kuma kada ka rikita wannan da abubuwan da ba sa haɗuwa sam, kamar jifa ɗaya ya ba ka biyu kuma ya ba ka biyar. Waɗannan tara su ake yi in an ce "wannan ko wancan", kuma sun rataya da juna matuƙa, tunda faruwar ɗaya na kore ɗayan.

Kashi na biyu: mutum nawa zan tambaya?

Mu ɗauki aiki guda mu bi shi har ƙarshe. Ɗaliba ce a fannin lafiyar al'umma, tana son sanin kashi nawa na gidajen wata unguwa a wajen Ƙofar Marusa ne yaransu suka kwana cikin gidan sauro daren jiya. Mu ƙaddara gidajen unguwar 2,000 ne. Ba ta da kuɗi ko lokacin shiga dukkansu.

Da farko ta yanke abin da take aunawa. Amsar nan "e" ce ko "a'a", saboda haka kaso take nema. Da matsakaicin wani abu take nema, kamar kuɗin da ake kashewa, fomular daban ce, za mu zo kanta.

Na biyu, ta zaɓi matakin tabbaci. Kowane mataki yana da lambarsa da ake kira z, daga teburin da ke bayan kowane littafin ƙididdiga: kashi 90 cikin 100 lambarsa 1.645, kashi 95 lambarsa 1.96, kashi 99 lambarsa 2.576. Akasarin binciken ɗalibai kashi 95 ake ɗauka. Ma'anarsa ita ce da za a yi ta maimaita binciken da sababbin gidaje ta hanya ɗaya, kusan sau 95 cikin 100 tazarar da aka fitar za ta ƙunshi ainihin kason unguwar.

Na uku, tazarar kuskuren da za ta iya haƙuri da ita, ana kiranta e. In ta sami kashi 60 kuma tazararta 5 ce, tana cewa gaskiyar tana tsakanin 55 da 65. A fomula 0.05 ake rubutawa, ba 5 ba. Wanda ya sa 5 zai ga kalkuleta ta ba shi abin da bai kai mutum ɗaya ba.

Na huɗu, hasashen kason, wato p. Nan ɗalibi kan yi turus: ai abin da nake nema ke nan, ta yaya zan san shi tun ban fita ba? In akwai binciken baya da aka yi a wuri mai kama da naka, ɗauki nasa. In babu, sa 0.5. Dalilin yana cikin lissafin kansa: p × (1 − p) ake buƙata, kuma 0.5 × 0.5 = 0.25 ita ce mafi girman abin da zai iya fitowa. Gwada ka gani: 0.4 × 0.6 = 0.24, 0.2 × 0.8 = 0.16, 0.1 × 0.9 = 0.09. Da 0.5 ba za ka taɓa gaza ba, iyaka dai ka yi aiki fiye da buƙata.

Sai fomular, wadda aka fi jingina wa masanin ƙididdiga William Cochran, inda n ke nufin adadin waɗanda za a tambaya:

n = z² × p × (1 − p) ÷ e²

A hankali: 1.96 × 1.96 = 3.8416. Ninka da 0.25, ka sami 0.9604. Sannan 0.05 × 0.05 = 0.0025. Raba 0.9604 da 0.0025, amsa 384.16. Babu guntun mutum, kuma a nan kullum sama ake ɗagawa ko da abin da ke bayan ɗigo kaɗan ne, domin 384 ta ɗan gaza cika sharaɗin. Amsa 385.

Kafin mu wuce, ka ɗan yi wasa da lambobin don ka ji nauyin kowace. Ka bar komai yadda yake ka ɗaga tabbaci zuwa kashi 99, za ka sami 664. Ka sauke zuwa 90, 271. Ka koma 95 ka sassauta tazara zuwa 0.10, mutum 97 sun isa. Ka matse ta zuwa 0.03, sai 1,068. Ka raba 0.05 biyu ta koma 0.025, sai 1,537. Tunda e sau kanta ake yi a ƙasan fomula, rage kuskure da rabi na nufin ninka aiki sau huɗu. Wanda zai biya kuɗin hoton takardu da na Keke Napep daga aljihunsa ya kamata ya san wannan kafin ya yi wa malaminsa alkawarin tazarar kashi 2.

Ka lura har yanzu ba mu yi amfani da 2,000 ba. Wannan yana ba mutane mamaki, suna ganin ai tilas binciken jiha mai ƙananan hukumomi 34 ya ninka na unguwa ɗaya sau ɗaruruwa. Uwargida mai ɗanɗana miyar biki ba ta neman ludayin da ya fi na kullum girma don tukunyar ta yi girma. Abin da take yi shi ne ta juya miyar sosai kafin ta ɗiba. Yawan jama'a yana shigowa ne kawai idan su kaɗan ne, kuma dalilin shi ne na kiret ɗin ƙwan nan: a ƙaramin taro, duk gidan da ka cire yana rage abin da ya saura a duhu. Gyaran shi ne:

sabon n = n ÷ (1 + (n − 1) ÷ N)

N ita ce yawan gidajen duka. Fara da ciki: 384 ÷ 2,000 = 0.192. Ƙara 1, 1.192. Raba 385 da 1.192, ka sami 322.99, wato 323. Da gidajen 500 ne, 218 za ta buƙata. Da 200 ne, 132. Da 100,000 ne, 384, kusan babu canji.

A kundayen ɗalibanmu an fi ganin fomular Taro Yamane ta 1967, n = N ÷ (1 + N × e²), saboda sauƙinta. Ga aikinmu: 2,000 × 0.0025 = 5, ƙara 1 ya zama 6, 2,000 ÷ 6 = 333.3, wato 334. Ba ta yi nisa da 323 ba, domin asalinsu ɗaya ne: Yamane ya ɗauki p a matsayin 0.5, ya kuma mayar da 1.96 ta zama 2. Teburin Krejcie da Morgan na 1970, wanda ke ba da adadin da za a tambaya bisa yawan jama'a, shi ma a kan kashi 95 da tazarar 5 da p na 0.5 aka gina shi. Ba ni da ja da mai amfani da su, amma ya san abin da ya sa wa hannu. Ba za ka rubuta tabbacin kashi 99 a sama ba sannan ka kawo Yamane a ƙasa, kuma ba a yi ta don neman matsakaici ba.

Saura waɗanda ba za su amsa ba. Wani gidan za a tarar a rufe, wani maigidan ba ya nan kuma bai bar izini ba, wata takardar za ta dawo rabi a cike. In tana sa ran kashi 80 ne za su amsa, rabawa za ta yi: 323 ÷ 0.8 = 403.75, wato 404. Da yawa sukan ƙara kashi 20 a kan 323 su sami 388, amma kashi 80 na 388 bai wuce 310 ba, an gaza ke nan.

In matsakaici ake nema

Nan gajere ne. A ce ana son sanin matsakaicin abin da ɗalibi ke kashewa a rana wajen zuwa makaranta daga cikin gari. Fomula: n = (z × σ ÷ E)². Alamar σ tana nuna yadda lambobin suka warwatsu daga matsakaicinsu, E kuma kuskuren da aka yarda da shi, a naira. Ana samun σ daga binciken baya, ko a tambayi mutum kamar 30 a matsayin gwaji a lissafa. In duk babu, a cire mafi ƙanƙanta daga mafi girma a raba huɗu, a matsayin kintace. Mu ce mafi ƙanƙanta ₦300, mafi girma ₦1,500: bambanci ₦1,200, σ kusan ₦300. Ana son kuskure kada ya wuce ₦50. To 1.96 × 300 ÷ 50 = 11.76, sau kanta 138.3, wato mutum 139.

Yadda za a zaɓo su

Wannan ne ya fi duk abin da ya gabata muhimmanci, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Fomular Cochran ta ɗauka cewa kowane gida yana da dama daidai da ta ɗan'uwansa, kuma amsar wannan ba ta jan amsar wancan. Sharaɗin kashi na ɗaya ne ya dawo. Wanda ya fitar da 404 sannan ya zauna gindin bishiya bakin tsangayarsu yana miƙa wa duk abokin da ya gifta takarda, ko ya tura ta zauren WhatsApp na ajinsu, ba shi da tazarar kashi 5, ba shi da kowace tazara da za a iya lissafawa. Yawa ba ya gyara wannan. A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta tattara amsoshin mutum sama da miliyan 2, ta ce Alf Landon zai kayar da Franklin Roosevelt. Roosevelt ya ci jihohi 46 cikin 48. Sunayen da ta aika wa takardu akasari daga jerin masu tarho da masu mota ta samo su, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, kuma mafi yawan waɗanda aka aika wa ba su ma amsa ba. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da mutanen da ba su kai ko kusa da wannan yawan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai.

Ɗalibarmu ta fara da gaida mai unguwa, ta kai takardar makaranta, ta nemi a haɗa ta da wanda ya san lunguna. Ta ba kowane gida lamba daga 1 zuwa 2,000. A wurare da yawa alamun allin da masu rigakafi ke bari a ƙofa suna taimakawa wajen gane inda aka tsaya. Sai ta zuba lambobin a Excel, ta rubuta =RAND(), mai fitar da lambobi kamar na ƙuri'a, a layin da ke gefensu, ta jera su bisa wannan layin, ta ɗauki 404 na farko. In babu kwamfuta, 2,000 ÷ 404 kusan 5 ne: ta rubuta 1 zuwa 5 a guntayen takarda, ta naɗe, ta sa yaro ya zaro ɗaya. In 3 ta fito, gida na 3, na 8, na 13, haka har ƙarshe, gidaje 400 ke nan, ragowar huɗun ta cike su da ƙuri'a. Gidan da aka tarar a rufe a sake komawa da yamma ko washegari. Kada a maye gurbinsa da na maƙwabci don ƙofarsa a buɗe take, domin gidajen da ake samun mutane da hantsi sun bambanta da waɗanda kowa ya fita nema.

Sai babban gida irin namu, mai sassa goma, matan aure goma, ƙofa ɗaya. Yana da daɗi ka shiga zaure ɗaya ka fito da takardu goma a cike. Amma rijiyarsu ɗaya, ranar da aka raba gidan sauro tare suka karɓa ko tare aka tsallake su, kuma ta biyu ta ji amsar ta farko. Goman nan ba su kai amsa goma masu zaman kansu ba. Ko dai a zaɓi sashe ɗaya da ƙuri'a, ko kuma, in dole sai an ɗebi mutane gungu-gungu saboda nisa da kuɗin mota, a ninka adadin don a rama abin da kamanceceniya ta cinye. In babu ƙiyasi daga binciken baya, an saba ninkawa da 2. Tsohon tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya na auna yawan yaran da aka yi wa rigakafi a kan haka aka gina shi: tazarar kashi 10 tana buƙatar yara kusan 96, a ninka biyu a sami 192, sai aka tsara gungu 30, kowane da yara 7, jimla 210.

A babi na uku kuma a rubuta duk wannan filla-filla: yawan gidaje da inda aka samo lambar, z da e da p da dalilin zaɓar kowace, 385, gyaran da ya mai da ita 323, kashi 80 da ya kai ta 404, hanyar da aka bi aka zaɓo gidajen, da adadin waɗanda suka amsa a zahiri. In waɗanda suka amsa 290 ne, a rubuta 290, a sake lissafa tazarar kuskure da ita: 0.25 ÷ 290 = 0.000862, a danna alamar √ a sami 0.0294, a ninka da 1.96, tazarar ta zama kusan kashi 5.8 kafin gyaran ƙarancin jama'a, ita za a sa a gefen sakamakon.